Daga Adireshi Zuwa Kalma: Yadda Tubalin Shafi Ke Karanta Hanyarsa

Gabatarwa

Ɗalibin harshe a nan Jami'ar Maiduguri yana iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Amsar ita ce ƙamus. Ƙamusun Bargery na 1934 ya daɗe da hawa intanet, kuma duk wanda ke burin ɗora aikinsa na Hausa ko Kanuri can, tilas ya san yadda kalma ke tashi daga adireshin shafi ta bayyana a fuskar waya.

Tubali da Hanya

A yau ana gina fuskar shafi da tsare-tsare irin su React, wanda Facebook ya fitar a 2013, da Vue na Evan You da ya fito a 2014, da kuma Angular na Google. Dukkansu suna rarraba shafi zuwa tubala, kowane da aikinsa: wannan akwatin bincike ne, wancan mai nuna ma'ana. Hanya kuwa ita ce ɓangaren adireshi da ke bin sunan shafi, kamar /kalma/ƙafa.

Mai ginin ba zai rubuta shafi dubu don kalmomi dubu ba. Ƙa'ida ɗaya yake rubutawa, /kalma/:suna, inda ruwa biyun ke nuna gurbi. Mu da muka yi Ginin Jumla mun san wannan, domin gurbin suna ɗaya ne ko Audu ya cika shi ko Binta. Idan mai karatu ya buɗe /kalma/ƙafa, sai ja-gorar tsarin ta zuba ƙafa a gurbin, tubalin ya ɗauko ta ya nemo ma'anarta. A Vue ana ɗaukowa da useRoute().params.suna, a React Router da useParams, a Angular kuma da ActivatedRoute.

Akwai wani tarko a nan. Idan aka tashi daga /kalma/ƙafa zuwa /kalma/ɗaki, Vue ba ya rushe tubalin, wanda ke nan yake sake amfani da shi. Tubalin da ya karanta gurbin sau ɗaya tak a farko zai ci gaba da nuna ma'anar ƙafa alhali adireshi na cewa ɗaki. Maganin shi ne a sa shi ya riƙa sa ido a kan gurbin, da umarnin watch.

Haruffa Masu Lanƙwasa

Nan ne aikinmu yake. Asalin adireshi ba ya ɗaukar ƙ, ɗ ko ɓ yadda suke, sai an mayar da su lambobi: ƙ ta koma %C6%99, ɗ ta koma %C9%97, ɓ kuma %C9%93. Vue yana warware wannan da kansa kafin ya miƙa wa tubali. Matsalar tana zuwa ne daga mai ginin da ya gaji ya ce a cire lanƙwasa gaba ɗaya. Daga ranar kafa da ƙafa sun zama hanya ɗaya, haka kashi da ƙashi.

Kanuri ma bai tsira ba. Harafin da ke cikin kǝla, wato kai, yana da tagwaye a kwamfuta, ǝ da ə. Ido ba ya rarrabe su, amma na farko %C7%9D ne, na biyu %C9%99. Wanda ya adana kalma da ɗaya, mai nema ya buga ɗayan, sai shafi ya ce babu ita. Haka Bahaushen Nijeriya zai nemi 'ya'ya, na Nijar ya nemi ƴaƴa, saboda haka dole a daidaita rubutun kafin a shiga nema.

Sauran gari. Tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, /kalma/gari ba ta faɗi ko na zama ake nufi ko na tuwo ba. A ganina gara tubalin ya jero duka biyun, sannan a ba kowanne lambarsa a wutsiyar adireshi, kamar /kalma/gari?lamba=2, wadda Vue ke karantawa da useRoute().query.lamba.