BUƊE TAGA, RANA TA SHIGO

Uwargida, ɗaki mai duhu matattarar cuta ne. Sauro yakan ɓuya a lungu da bayan tufafin da aka rataya. Ƙwayoyin tarin fuka sukan daɗe inda ba iska, ba haske. Hasken rana kuwa kashe su yake yi.

Saboda haka:

1. Da gari ya waye, ki buɗe taga, ki ɗage labule.
2. Kada ki tare taga da kabad ko jeren kwanuka.
3. Ki shafe bango da farar ƙasa. Farin bango yana ƙara haske.
4. Ki riƙa shanya shimfiɗar yara a rana.
5. Kafin magariba ki rufe taga. Yara su kwana cikin gidan sauro.

Tari in ya wuce mako 2, a garzayo asibiti.

RIGAKAFI YA FI MAGANI