Darasi: Abincin Ƙaguwa Daga Tudu Yake Zuwa

Wata ɗalibata a ajin matan aure ta ce yaronta ya kamo ƙaguwa a bakin fadama, yana tambayarta me take ci. Ta ce masa laka. Na yi dariya, don ni ma haka aka faɗa mini ina yarinya.

Ƙaguwar ruwan daɗi ba ta da zaɓen abinci. Tana cin ruɓaɓɓen ganye da mushen kifi, amma wani kaso na abincinta halittun tudu ne: shinge da ke faɗawa ruwa bayan ruwan farkon damina, da fara, da gyare, da tana, da tsutsotsin da iska ke kaɗowa daga bishiya. Da dare ma takan fito gaɓa ta yi kiwo. Irin da ke nan Arewa tana haƙa rami ta fake a ciki lokacin rani, kuma uwar tana riƙe ƙwai da 'ya'yanta a ƙarƙashin cikinta, goyo sosai.

To, a watan Agusta zuwa Satumba, idan Kogin Hadejia ya cika ya malale fadamun Baturiya har wajen Nguru, ruwan kan kwashi ƙwarin da ke cikin ciyawa da ƙasa. Ƙaguwa ta ci, tarwaɗa ta ci ƙananan ƙaguwa, zalɓe ya samu nasa, mu kuma tarwaɗar ta ƙare a tukunyarmu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, malalar ruwan ta canza, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Wannan ya fi ƙarfin uwargida.

Abin da ke hannunmu shi ne maganin ƙwari. Ƙaguwa da ƙwaro dangi ne a halitta, shi ya sa fiya-fiya da maganin feshin gona ke kashe ta yadda suke kashe kyankyaso, ko da kaɗan ne ya shiga ruwa. Don Allah kada a aiki yara su wanke jarkar feshin maigida a kogi ko kududdufi, kada kuma a zuba ragowar a kwata. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, don kada wani ya ɗauka ya zuba ruwan sha ko man gyaɗa.