Darasin Lafiya: Maganin Sauro na Shafawa

'Yan uwa mazauna Lamashegu, damina ta kankama, sauro ya yi yawa. Kada tsoron zazzaɓi ya sa mu fesa wa yara maganin sauro na ɗaki a jiki, guba ne.

Na shafawa daban yake. Mu duba kwalba: ga yara, kada sinadarin DEET ya wuce kashi 30 cikin 100. Jaririn da bai kai wata 2 ba, gidan sauro kawai. Mu zuba a tafinmu sannan mu shafa wa yaro, ban da ido, baki, hannu da wurin ciwo. Kafin barci, mu wanke da sabulu.

In yaro ya haɗiya, mu garzaya asibiti da kwalbar.