Farin Man Tutiya: Amfaninsa da Iyakarsa

Tutiya ƙarfe ne mai ruwan toka, shi ne ake dalaye kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa. In an ƙona shi cikin iska sai ya zama farin gari mai laushi, wanda ba ya narkewa a ruwa. Sunan garin nan a jikin kwalba Zinc Oxide. Ana kwaɓa shi da mai, ana zuba shi cikin hoda, shi ne kuma jigon ruwan kalamin da ake bayarwa a ɗakin shan magani.

Aikinsa

Yana zama bisa fata kamar yaɓe a jikin bango, ya tare laima da zafin rana. A ƙasar Danja, inda mutane ke yini a fadama wajen rake da tumatir, yana da amfani ga mutum uku:

1. Manomin da ƙurajen zafi suka dama.
2. Jaririn da fitsari ya saɓe wa cinya. A wanke, a bari ta bushe, sa'an nan a shafa.
3. Zabiya, wanda rana ke jawo wa sankarar fata. Ya nemi man kare rana mai tutiya, ya haɗa da malafa da riga mai dogon hannu.

Iyakarsa

Ba ya warkar da ƙazuwa ko gyambo ko ƙuna mai zurfi. Waɗannan sai asibiti. Ba a sha, ba a sa wa ido.

Ba ya kuma mai da baƙi fari; hasken da yake bari ruwa da sabulu ke tafiya da shi. Man bilicin dabam ne. Waɗansu na ɗauke da zaiba, mai lalata ƙoda, har ta cuci ɗan da ke ciki. Saboda irin wannan ɓarna aka ƙulla Yarjejeniyar Minamata a 2013.

Akwai kuma gubar ɓera mai suna Zinc Phosphide, gari mai duhu. Farkon sunan ɗaya ne, amma ita kisa take yi.

Abin da ya wajaba

Hakimi ya sanar da dagatai, su kuma su isar wa masu unguwa da ungozomai. Malamin hakimi ya karanta wa masu koli wannan bayani ranar kasuwa, ya nuna musu inda lambar hukumar NAFDAC take a jikin kwalba. Man da aka ɗura a robar da ba rubutu, kada a shafa wa jariri.