Amsoshin Tambayoyinku: Harajin Ɗan Kasuwa a Alkahira

Wani mai saurarenmu a unguwar Madinatu Nasr, birnin Alkahira, ya ce ya buɗe shagon ɗinki, yana tambayar yadda zai shiga rajistar haraji.

Malam, Allah ya sa albarka. Da farko ka duba takardar zamanka. Idan ta karatu ce a Jami'ar Azhar, ba ta ba ka izinin sana'a ba, sai ka gyara wannan tukuna.

Daga nan ka nufi ofishin Hukumar Haraji ta Masar da ke yankinka, da fasfo da takardar hayar shago, ka nemi katin haraji, wanda Misirawa ke kira biɗaƙa daribiyya. Doka ta ba ka kwana 30 daga ranar da ka fara aiki. Kowace shekara kuma za ka bayyana abin da ka samu kafin ƙarshen watan Maris.

Harajin kayan saye na kashi 14 cikin ɗari ba zai hau kanka ba sai cinikinka ya kai fam 500,000 na Masar a shekara. Don Allah ka riƙa rubuta kowane ciniki a littafi, domin da shi za ka kare kanka ranar da jami'i ya zo bincike.