Yadda Ake Tantance Mallakar Masaukin Hutu ta Tsarin Maki Kafin a Sa Hannu

Mallakar masaukin hutu ta karɓa-karɓa tsari ne da mutane da yawa ke tarayya a cikin ɗakunan wurin shaƙatawa, kowa da lokacinsa na sauka a shekara. Ya faro ne a Turai, inda aka kafa kamfanin Hapimag a Suwizalan a 1963, kafin ya bunƙasa a Amurka. A tsohon salo mai saye yakan mallaki mako guda tsayayye a ɗaki guda, amma a salon maki, wanda Disney Vacation Club ya soma da shi a 1991, Marriott kuma ya koma kansa a 2010, abin da ake sayarwa adadin maki ne da ake zuba wa mutum kowace shekara, ya kashe su wajen kama ɗaki. Makin tamkar kuɗi ne na cikin gida wanda kamfani ke yanka wa daraja, shi ya sa dole a fahimce shi kafin a shiga ciniki.

Matakin farko shi ne mai saye ya tabbatar da abin da takarda ta ba shi, domin ba duk maki ne iri ɗaya ba. Wani kamfani yana haɗa su da kaso na gini wanda aka yi wa rajista da sunan mai saye, wani yana ba da kaso ne a cikin wata amana da ta tattara masaukai da yawa, wani kuma izinin amfani kawai yake sayarwa na wasu shekaru. Yarjejeniyoyin masaukan Disney na farko, alal misali, za su ƙare a 2042, kuma daga ranar babu abin da zai rage a hannun mai su. Waɗanda ba su da wa'adi kuwa sukan shiga cikin dukiyar gado tare da nauyin da ke kansu.

Daga nan sai ya nemi jadawalin maki, ya zauna da shi da alƙalami, domin a nan ne gaskiyar cinikin take. Jadawalin yana nuna makin da kowane dare yake ci gwargwadon girman ɗaki, ranar mako, da kakar shekara, ta yadda makin da zai ishi mutum mako guda a ƙaramin ɗaki cikin Satumba, lokacin da yara suka koma makaranta, ba zai kai shi dare uku ba a masauki mai ɗakuna biyu a makon Kirsimeti. Abin da ya dace shi ne ya rubuta ranakun da iyalinsa ke iya tafiya da gaske, da yawan mutanen da za su kwana, ya lissafa makin da hakan ke buƙata, sannan ya tambaya a rubuce ko kamfani na da ikon sauya jadawalin. Galibi yana da shi, kuma ko inda aka ƙayyade jimillar makin shekara, ana iya rage wa wata kaka a ƙara wa wata. Mallakar maki kuma ba ta lamunce samun ɗaki, sai wanda ya riga kamawa. A Disney ana buɗe wa mutum masaukin da ya saya a ciki wata 11 kafin tafiya, sauran masaukai kuma wata 7, saboda haka wanda aikinsa bai ba shi damar tsara hutu tun da nisa ba, zai riƙa samun ragowa ne. Ya kamata kuma ya san ƙa'idar ajiye maki zuwa baɗi da ta aro daga na baɗi, domin makin da wa'adinsa ya wuce ya tafi ke nan.

Mataki na uku, wanda masu talla suka fi son a tsallake, shi ne lissafin kuɗin kula da gini. Ana biyan sa kowace shekara, an yi tafiya ko ba a yi ba, matsakaicinsa a Amurka ya haura dala 1,000, kuma kusan kullum hawa yake yi. Bayan shi akwai kuɗin gaggawa da ake ɗora wa masu mallaka idan guguwa ta yi ɓarna ko gini ya buƙaci babban gyara, da kuɗin zama mamba da na musaya ga wanda ke son sauka a wasu ƙasashe ta hannun kamfanonin musaya irin su RCI ko Interval International, waɗanda aka kafa a 1974 da 1976. Sai mutum ya nemi takardun kuɗin shekaru biyar da suka wuce ya ga yadda ya ƙaru, ya haɗa farashin saye da kuɗin shekaru goma, ya raba da yawan dararen da zai kwana, ya gwada da farashin otal a wurin. Bashin da kamfanonin ke bayarwa yana ɗauke da kuɗin ruwa mai tsada, abin da ya isa hujjar ƙaurace masa ga mai gudun riba. Wanda kuma samunsa da naira ne ko sefa ya tuna cewa da dala zai biya, kuma rashin samun biza ba ya ɗauke masa nauyin.

Kafin ya karɓi farashin kamfani, ya leƙa kasuwar masu sayar da nasu. A can zai tarar da wasu yarjejeniyoyi ana neman dala 1 kacal a shafin eBay, saboda masu su sun gaji da kuɗin shekara, wanda hakan ya nuna cewa wannan ba jari ba ne. Saye daga hannu na biyu yana da rahusa sosai, sai dai kamfanoni sukan cire wa irin wannan mai saye wasu damammaki, kamar yadda Disney ya taƙaita makin masaukin Riviera da aka sake sayarwa ga masaukin kaɗai.

Na ƙarshe shi ne sanin wa'adin janyewa, wato kwanakin da doka ta ba mai saye ya fasa a mayar masa da kuɗinsa. A Fulorida kwana 10 ne, a Kalifoniya 7, a Nebada 5, yayin da dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta ba da kwana 14 tare da haramta karɓar kafin alƙalami a cikinsu. Taron tallar da kamfanonin ke shiryawa yakan ɗauki sa'o'i, ana maimaita cewa rangwamen na yau kaɗai ne, kuma duk alkawarin da aka yi da baki wanda ba ya cikin takarda ba shi da amfani. Idan an riga an sa hannu kuma ana son fasawa, sai a rubuta wasiƙa, a aika ta gidan waya mai ba da shaidar aikawa zuwa adireshin da yarjejeniya ta ambata, a ajiye kwafi da rasit, kafin wa'adin ya cika.