Sa Wa Motar Daji Manyan Tayoyi

Masu motocin shiga daji, irin su Land Cruiser da Hilux, su kan so manyan tayoyi, domin cikin mota ya nisanci duwatsu da rairayi. Amma fa babbar taya tana bukatar wurin juyawa. In ba ta samu ba, sai ta riƙa gugar jikin mota har ta yage, watakila ana cikin gudu.

Dubi lambar da ke gefen taya. Mai lamba 265/70 R16 tsayinta milimita 777 ne, mai 285/75 R16 kuwa 834. Bambancinsu 57 ke nan. Rabinsa ne kaɗai ke ɗaga mota daga ƙasa, rabin kuwa yana cinye filin da ke tsakanin taya da jikin mota.

To, kada ka gwada a wuri mai baje, mota ba kaya. Ɗora mata kaya, ka hau da ƙafa guda bisa tudu har sifirin ya matse, sa'an nan ka karya sitiyari dama da hagu iyakarsa. Sauka ka leƙa, ka duba har da tiyon birki.

Waɗansu suna tsammani ɗaga mota ya isa. Ba haka ba ne, gama in ta faɗa rami sifirin ya kan matse, taya ta sake taɓa wurin. Sai bakanike ya rage robar ko ƙarfen da ke tare hanya, ko kuwa ka haƙura da taya madaidaiciya.

Ka tuna kuma, da babbar tayar nan, in agogon gudu ya nuna kilomita 100, kana yin wajen 107 ne.